Kaye Bakwai a Lambun Baba Alhaji

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan la'asar, Lyon

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ce in sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in dinga rubuta abin da ba na iya faɗa. Kallonta kawai na yi. Ni Raliatou, shekara goma sha ɗaya ina sayar da shadda a unguwar Goutte d'Or a Paris, bakina ne jarina, yau ni ake ce wa akwai abin da ba na iya faɗa. Amma ga shi na saya, ga ni kuma ina rubutu.

Munzali yana kwance a asibiti. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Idonsa biyu amma ba ya magana. Abin da ya faru ranar Talata ba zan rubuta shi ba. Baba Alhaji Garga, aminin marigayi babanmu, wanda yake zaune hawa biyu ƙasa da ɗakin Munzali a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon, shi ya sa aka fasa ƙofa, shi kuma ya kira ni. Na fito daga kanti ba jaka, sai Hadja mai kantin ce ta biyo ni da ita har bakin tashar jirgin metro.

Sun karɓe masa bel da igiyar takalmi. Tagar ɗakin da suka sa shi ba ta buɗuwa, na gwada.

Na kira Inna a Damagaram na ce zazzaɓi ne, kuma da sauƙi.

Jumma'a, 13 ga Oktoba, da hantsi

Da sauƙi. Sau tara na faɗe ta yau tun kafin in karya kumallo.

Asabar, 14 ga Oktoba, da azahar

A ɗakinsa na sauka. Ciki ɗaya a hawa na bakwai, ba kujera, tukunya ɗaya, cokali ɗaya. Littattafai kuwa har kan firiji. Shekara huɗu in na kira shi sai ya ce, “Ina labo, Yaya, zan kira ki.” Labo, wato ɗakin bincikensu na jami'a. Ni kuma ina cika baki a kasuwa, ƙanena zai zama dakta. In aka ce daktan me, sai in ce yana binciken yadda magana ke tashi daga salula ta bi iska ta sauka a wata salular ba ta ɓace a hanya ba. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na share ɗakin, na jera littattafan kashi uku. Manyan na aikinsa ne, da Ingilishi, kowanne ya fi turmin shadda nauyi. Ban ko buɗe su ba, me zan gani? Sai guda ɗaya da Faransanci, tarihin unguwar nan, da tsofaffin hotunan mutanen da aka kwaso daga ƙasashe don aikin masaƙa. Sai wasu ƙanana kusan goma a kan wasan kwaikwayon Ingila na zamani. Su ne suka tsaya mini a rai. Munzali da wasan kwaikwayo? Yaron da ko gidan biki aka je yana bakin ƙofa yana duba agogo? A hotunan ma ba rawa, ba kiɗa. Mutum biyu ne zaune a tebur, kowa ya kalli gefe.

Ordinatarsa, wato kwamfuta, a bahon wanka na same ta, cikin ruwa. Na tsamo ta na jingine a taga kamar wanki. Mai gyara ya ce ba ta tashi.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Ina jawo gado don in share ƙarƙashi na ga kaye bakwai, duk koraye, an ɗaure da roba. Na buɗe. Rubutun ajami ne, hannunsa, ƙanana a cunkushe, ba wasali. Ni allo na tsaya a izu biyu, in ba wasali ba na kama komai. Tsakanin rubutun kuma an zana murabba'i, gida-gida, kowane gida da lamba ko wani baƙi da ba na Larabci ba, ba na boko ba. Shafi bayan shafi. A kaye na ƙarshe hannun ya lalace, ya danna bakin biro har ya huda takarda.

Baba Alhaji ya kawo mini tuwo, na nuna masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana juyawa, sannan ya rufe ya goge hannunsa a riga.

“Ɗiyata, wannan ba karatun boko ba ne. Hatimi ne.”

Na ce, “Baba, Munzali ko laya bai taɓa ɗaurawa ba.”

“Shi ya sa ya kama shi. Wani ya sa shi a hanyar, ya shiga ba malami. Na ga irin wannan a Garoua, wani tela lafiyayye, wata shida ya koma tsince-tsince a bola. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Muddin takardun nan suna ƙarƙashin inda yake kwana, asibiti wahalar banza suke.”

Gaskiya zan rubuta tunda kayen nawa ne. Da ya faɗi haka sanyi na ji. Na samu abin da zan ɗora wa laifi. Gara a ce wani ne ya yi masa, da a ce shi da kansa ya kai inda ya kai, ni kuma ina Paris ina auna yadi ban sani ba.

Talata, 17 ga Oktoba, da rana

Mako guda yau. Ya ci rabin ayaba.

Laraba, 18 ga Oktoba, da la'asar

Mun ƙona su. Baba Alhaji ya ce ba a zuba baƙin Larabci a shara, kuma ba a barin irin wannan a gida, wuta ce mutuncinsa. Yana da ɗan lambu bayan unguwa inda yake shuka yakuwa, da wani rabin tano, gangar ƙarfe, da yake gasa nama. Ya hura gawayi, yana karatu, ni ina miƙa masa. Ni na miƙa, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Bangonsu ya ƙi ci sai da na sa itace na buɗe su. Tokar ya zuba a gwangwani ya kai bakin ruwa.

Ya ce, “Yanzu sai ki ga ikon Allah.”

Mayafina har yanzu yana warin hayaƙi.

Jumma'a, 20 ga Oktoba, da yamma

Alhamdulillahi! Ya yi magana!

Na gaji da zama muna kallon bango, sai na tafi da littafin tarihin unguwar, shi kaɗai nake iya karantawa. Faransancina na kasuwa ne, ina bin layi da yatsa. Ina karanta masa yadda aka gina wa ma'aikatan masaƙa gidaje a jere, na manya daban, na leburori daban, na zo kan wata doguwar kalma na yi mata kaca-kaca. Sai na ji daga gado, a hankali, “Ba haka ake faɗa ba, Yaya.”

Na ce, “To malam, tunda ka iya sai ka tashi ka karanta, ka bar ni ina kashe wa Faransawa harshe.” Bakinsa ya ɗan motsa. Na fita baranda na yi kuka har wata mai shara ta ba ni ruwa.

Baba Alhaji da na gaya masa sai ya ɗaga hannu sama kawai. Kwana biyu tak da ƙonawa. Na yarda, wallahi na yarda.

Litinin, 23 ga Oktoba, da azahar, Paris

Na dawo kanti, Hadja ba ta iya tsayuwar yini ita kaɗai. Wata ta sa na sauko da shadda kala goma sha biyu, ta tafi ba ta sayi ko ƙyalle ba, ban ko harare ta ba. Hadja ta ce lallai ba ni da lafiya.

Inna ta ce, “Wannan zazzaɓi bai barin mutum ya riƙe salula?” Na ce likita ya hana. Sai ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Inna ba yarinya ba ce.

Alhamis, 26 ga Oktoba, bayan la'asar, Lyon

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dogon Bafaranshe, siriri, da hular keke a hannu. Ya ce sunansa Alain, teburinsa na kusa da na Munzali a labo. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, na gane ya saba zuwa.

Na dafa masa shayi. Ya ga ƙananan littattafan nan ya yi murmushi. Ya ce Munzali ya fara sayensu ne don ya gyara Ingilishinsa, sai abin ya kama shi. Wai a wasannin, 'yan gida ɗaya za su zauna ɗaki ɗaya awa biyu suna zancen shayi da ruwan sama, abin da ke cin su kuwa ba mai taɓawa. “Ya ce mini mutanen Ingila da mutanen garinku uwarsu ɗaya,” in ji Alain. Na yi dariya, amma ba ta yi mini daɗi ba.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Makaranta ta ƙara wa Munzali lokaci zuwa ƙarshen Janairu ya miƙa littafin digirinsa, kuma daga nan ba ƙari, don an riga an ƙara sau ɗaya. Takardar zamansa a ƙasar ma da karatun take tafiya. Babi uku suna ajiye a labo. Na huɗun, wanda shi ne aikin gaba ɗaya, bai taɓa bugawa a ordinata ba. Ya ce sai ya tabbata tukuna.

“Da hannu yake yi, Madam, shekara biyu. A wasu kaye koraye. Da rubutunku yake yi, daga dama zuwa hagu, ya ce kansa ya fi gudu a haka. Muna tsokanarsa wai tsoron ɓarayi yake. In kin ba ni su, shi ya karanta, ni in buga. Za mu kai Janairu.”

Na ce zan duba.

Na ce masa zan duba. Har na raka shi bakin lif ina ce masa a gaida gida.

Jumma'a, 27 ga Oktoba, da safe

Na sauko da babban littafi ɗaya daga cikin na aikinsa, wanda na ce me zan gani a ciki. Na buɗe tsakiya. Ga su nan. Murabba'i, gida-gida, lamba a kowane gida, da baƙaƙen nan masu ƙahoni da wutsiya. Bugun inji, tsaf. Ashe lissafin karatunsa ne. Na buɗe na biyu, ga su. Na uku, ga su.

Kwana huɗu littattafan nan suna gabana kafin mu je lambu. Tsakanin gadon da inda na jera su taku biyu ne.

Asabar, 28 ga Oktoba, da rana

Ban je asibiti ba. Na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Na ɗauki littafin na sauka wurin Baba Alhaji. Na buɗe na ajiye a gabansa. Ya sa tabarau. Ya juya shafi, ya juya, ya juya. Ya tambaye ni wa ya rubuta, na ce malaman jami'a ne, kuma na faɗa masa abin da Alain ya ce.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin kansa ba hula ba.

“Amma ai ya tashi, ɗiyata. Kin gani da idonki.”

“Magani suke ba shi, Baba.”

Ya cire tabarau. Sannan ya ce, “Innalillahi. Garin neman gira. Ni zan je in faɗa masa, ni na ce a yi.”

Na ce a'a. Shi ya ce, amma ni na jawo gadon, ni na miƙa. Na so in yi masa faɗa, na taho da faɗan a bakina tun daga hawa na bakwai. Sai na ga tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu wanda ya hau bene da gudu ranar Talata yana dukan ƙofa da kafaɗa. Na ɗauki littafina na fito.

Talata, 31 ga Oktoba, da yamma

Yau ya ci abinci sosai, har ya ce miyata ta yi gishiri. Likitarsa ta tare ni a hanya tana murna. Ta ce ya fara zancen aiki, ya fara cewa “in na fita”, kuma wannan shi ne abin da suke jira. Ta ce mutum in ya sami abin da zai koma wa, rabin magani ke nan.

Da zan tafi ya riƙe gefen mayafina. “Yaya, akwai wasu kaye ƙarƙashin gado. Ki taho mini da na bakwai. Akwai wurin da na maƙale, ina jin na ga hanya.”

Na ce to.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da azahar

Na ce na manta.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da la'asar, Paris

Na gudo. Ba Hadja ce ta kira ni ba, ni na ce mata ta ce ta kira ni. Alain ya bugo sau uku ban ɗauka ba.

Na yanka wa wata mata yadi biyar a maimakon shida. Ni, da ake cewa hannuna ya fi awo daidai.

Ina ta lissafa hanyoyi. In ce ruwa ya jiƙa su. In ce masu fasa ƙofa sun kwashe. In ce ban gan su ba, wataƙila shi ya kai su wani wuri ya manta. Wannan ta ƙarshen ita ta fi sauƙi, kuma zai yarda, don yanzu bai amince da kansa ba. Da na gane abin da nake shirin yi wa ɗan'uwana, sai na shiga bayan kanti na yi amai.

In na faɗa, ina tsoron Talata ta dawo. In ban faɗa ba, Janairu na tafe.

Talata, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar, Lyon

Na fara gaya wa likita. Ta rufe ido, ta ce gara ya ji yana hannunsu da ya ji a waje. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Na zauna a ƙasa, ban iya zama a kujera ba. Na faɗa masa duka, gadon, hatimin, lambun, rabin tanon. Ban sa sunan Baba Alhaji a gaba ba. Yana kallon hannuwansa har na gama.

“Duka bakwai?”

“Duka.”

“Hatimi,” ya ce. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Da ya zage ni da na fi so. Da ya jefe ni da kofin da ke gabansa da na gode masa.

Sai ya ce, “Tashi daga ƙasa, Yaya, akwai sanyi. Ça va, ba komai. Ai ni na rubuta su, suna kaina. Ki sayo mini sabon kaye kawai.”

Na ce, “Da gaske kake?”

“Da gaske. Wata biyu ya isa.”

Na kama ƙafarsa ina kuka, shi yana ce mini in yi haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri.

Laraba, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na sayo. Kore na nema ban samu ba, sai shuɗi. 'Yan asibiti sun ce banda mai zoben ƙarfe a gefe.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da yamma

Kullum in na shiga yana rubutu, in ya gan ni sai ya rufe ya ce a karanta masa tarihin unguwa. Mun kai inda aka rufe masaƙar, mutane suka watse. Ya daina gyara mini karatu. Na ɓata wata kalma da gangan, ya bar ta ta wuce.

Na ce yaya aikin? Ya ce da sauƙi.

Baba Alhaji yana ajiye tuwo a bakin ƙofata ya ƙwanƙwasa ya sauka kafin in buɗe.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da azahar

Na gamu da Alain a ƙofar asibiti yana kwance kekensa. Na tsaya in karɓi abin da ya kamace ni. Sai ya kama hannuna biyu ya ce na yi ƙoƙari, ba kowa ke da 'yar'uwa irina ba. Idonsa ya yi ja. Ban gane ba, kuma ban tambaya ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da la'asar, cikin jirgin Paris

Da na je sallama ya miƙo mini shuɗin kayen a cikin leda. Ya ce in tafi da shi, in na zauna a jirgin ƙasa in duba. Ya ce manyan littattafan in bar wa Alain, ƙananan in ajiye masa.

Mun bar Lyon na buɗe. Shafi goma sha ɗaya ya cika. Ba na karanta ajaminsa, amma ina da ido. Kowane shafi da murabba'i iri ɗaya yake farawa, ya gangaro zuwa tsakiya, ya tsaya, ya ja layi ya soke. Ya juya ya sake daga farko. Sau goma sha ɗaya, kuma duk a wuri ɗaya yake tsayawa.

Shafi na goma sha biyu da boko ya rubuta, manya-manya, don ni.

“Yaya, ba su dawo kaina ba. Na gaya wa Alain da makaranta ni na ƙona su da hannuna waccan ranar Talata, kuma sun yarda. Haka za ki ce wa Inna. Haka za ki ce wa kowa. Kada ki gyara.”

Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya. Na buɗe baki in ce mata da sauƙi, kalmar ta ƙi fita.